Neman shawara: tsohon dokinmu ya addabi kansa da susa, halinsa kuma ya canza

Baban Sadiku, daga ƙasar Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu dawaki da likitocin da ke cikinmu. Dokin mahaifinmu ne, wani kili da ya haura shekara 20. Da shi Baba yake hawan Sallah a tawagar hakimi, yanzu an hutar da shi, yana turke ana ciyar da shi saboda amana. Bara wani likita mai duba dawakin folo a Kano ya zo ya gan shi, ya ɗebi jini, daga baya ya ce cutar Kushin ce. Ya rubuta masa ƙwayar Prascend, wani ɗan'uwanmu ke aiko mana daga waje, kuma muna ba shi kullum.

To ga shi bazara ta kankama, dawakin maƙwabta duk sun zubar da gashin hunturu sun yi sumul, shi kuwa nasa na nan dogo a cukurkuɗe, yana ta gumi a ƙarƙashinsa. Sai ga susa. Ya goge wuyansa da turke har geza ta ƙare a tsakiya, katangar barga ta yi santsi daidai inda yake jingina ɗuwawu, yana kuma juyowa ya ciji haƙarƙarinsa. Abin da ya fi tayar wa Baba hankali shi ne halinsa. Dokin da jikoki ke wucewa ta ƙarƙashin cikinsa, yanzu in ka taɓa shi sai ya kwantar da kunne ya kawo cizo. Wani lokaci kuma ya tsaya shiru kai a ƙasa, ka kira shi ko motsi. Cutar ce ke ci gaba, ko maganin ne, ko wani abu ne daban?

Alhaji Na-Maigatari:
Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. Kai yaro, wannan ai ƙazuwa ce. Ka nemi maganin kaskar da ake wa shanu wanka da shi, ka dama a bokiti ka wanke shi tas, inda ya ɗaye kuma ka shafa baƙin mai. In susar ta ƙi, a yi masa allurar deksa, wato dexamethasone mai kwantar da kumburi, kwana ɗaya zai yi barci.

Malama Likita, Dutse:
Alhaji ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa zan saɓa maka, domin biyu daga cikin ukun nan na iya kai dokin ƙasa. Da yawa daga maganin kaskar shanu sinadarin amitraz ne a ciki, kamar wanda ake kira Taktic. Saniya na jure shi, doki ba ya jurewa: yana tsayar masa da motsin hanji, ciki ya ɗaure, ya riƙa tangaɗi. Duk kwalbar da aka rubuta amitraz a jikinta, kada ta kusanci barga. Deksa kuwa tana kwantar da ƙaiƙayi, gaskiya ne, amma ga doki mai Kushin tana iya tayar da kumburin cikin kofato, wanda yana cikin abubuwan da suka fi kashe irin waɗannan dawaki. Baƙin mai kuma ƙona fata yake yi, ga shi doki zai lasa.

Baban Sadiku, bari in ɗan yi maka bayanin cutar Kushin. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu mai sarrafa sinadaran jiki. In doki ya tsufa, yawanci daga shekara 15 zuwa sama, wani sashe nasa kan kumbura ya riƙa fitar da sinadari fiye da kima. Daga nan ne gashi ke ƙin zuba, naman gadon baya ya zabge, ciki ya sauko, ga yawan shan ruwa da fitsari. Ita kanta cutar ba kasafai take sa ƙaiƙayi ba. Abin da take yi shi ne ta raunana garkuwar jiki, sannan ta ba ƙwari mafaka a cikin dogon gashi mai gumi. Don haka kada a ɗora mata komai a zauna. Ka fito da shi rana da hantsi, ka tsaga gashin gindin geza da na gindin wutsiya da yatsu, ka zuba ido na ɗan lokaci, ka faɗa mana abin da ka gani. Sannan ka amsa mini: kare ya taɓa cizonsa kwanan nan? Akwai akurkin kaji kusa da turkensa? Yaya yake tsayuwa?

Ɗan Barga, Gumel:
Likita ta yi gaskiya a kan kaji. Ƙumar kaji da dare take fitowa daga tsagar katanga ta hau doki, da safe ka duba ba ka ganin komai, sai doki ya kwana yana buga ƙafa. Kuma in wutsiya kaɗai yake gogawa, a ɗaga a duba bakin dubura, akwai tsutsar da ke barin wani abu rawaya-rawaya a wurin.

Alhaji Na-Maigatari:
To Likita, mu dai haka muka taras ana yi, amma ilimi ya fi gado. Na janye deksa. Sai dai zancen kare da kika kawo, shi ya fi ba ni tsoro. Dokin da ke cizon kansa yana kai wa mutane hari, a raba shi da yara tukuna.

Baban Sadiku:
Na gode ƙwarai. Na duba kamar yadda Likita ta ce. Wallahi da na buɗe gindin geza sai ga wasu 'yan ƙwari masu launin ƙasa-ƙasa suna gudu cikin gashi, ga wasu farare ƙanana manne a jikin silin gashin kamar an barbaɗa gero, in ka hura ba sa tashi. Fatar wurin duk ɓawo. Kare bai cije shi ba a saninmu, kuma canjin halin ya fi wata guda. Kaji suna can bayan gida. Tsayuwa kuwa, sai da kika tambaya na lura: yana miƙa ƙafafun gaba can gaba, ya koma da nauyinsa baya, yana ɗaga wannan ya ajiye ya ɗaga waccan. In za a juya shi a ƙofar barga sai an ja ragama da ƙarfi. Ina ƙara da cewa tun da ya rame Baba ya sa aka ƙara masa dawa, ana kuma yi masa ɗura da gero da kanwa don ya murmure.

Malama Likita, Dutse:
Haukan kare in ya bayyana a doki ba ya kai wata, cikin kwanaki yake kashewa, don haka hankalina ya ɗan kwanta ta nan. Duk da haka a bi maganar Alhaji, yara su ja baya.

Abin da ka gani ƙwarƙwata ce da ƙwayayenta, kuma wannan mai sauƙi ne. A aske gashin jikin nan duka, ko da almakashi ne, a tattara a ƙone. Askin zai rage masa zafi da gumi ma. A yi masa wanka da maganin da ke da permethrin ko makamancinsa wanda likita ya tabbatar ya dace da doki, a maimaita bayan kwana 14, domin wankan farko ba ya kashe ƙwai. A wanke jalala da ragama da buroshi, a duba sauran dawaki da jakunan gidan. Maganin ivermectin na baki na taimakawa a kan ƙwarƙwata mai shan jini da tsutsar ciki, amma bai cika kama mai cin ɓawon fata ba, shi ya sa wankan ya zama dole. Ƙwarƙwatar doki ba ta zama a jikin mutum.

Tsayuwar nan ce ta hana ni sakat. Wannan alamar kumburin cikin kofato ce, kuma ina kyautata zaton ita ce ta canza masa hali. Dabbar da kowane taku ke mata zafi, ga ƙwari na cin ta dare da rana, dole ta yi fushi. Ka dafa kofatan gaba da sassafe kafin rana ta taɓa su, ka gwada da na baya. In sun fi ɗumi, kuma ka ji jijiya na bugawa da ƙarfi a bayan idon sawu, to shi ne. Daga yau a tsayar da dawa da ɗurar geron nan gaba ɗaya. Na san zai yi wa Baba nauyi, yana ganin gata yake masa, amma jikin doki mai Kushin sau da yawa ba ya iya sarrafa hatsi, kofato ne ke biya. A ba shi busasshiyar ciyawa da ɗan harawa, ruwa kuma kada ya yanke. A zuba masa rairayi mai laushi da kauri a turke, kada a zagaya da shi wai don ƙafa ta saki, a riƙa tsoma ƙafafun cikin ruwan sanyi. Maganin zafi sai likita ya gan shi ido da ido ya rubuta, kuma yau ya kamata a kira shi, ba ranar kasuwa ba.

Game da Prascend, yakan sa kasala da ƙin cin abinci, amma galibi a makonnin farko ne, ba bayan shekara ba. Kada ku daina ba shi da kanku. Gashin da ya ƙi zuba na iya nufin ƙwayar ta yi masa kaɗan yanzu, sai an sake auna jini kafin a ƙara. Jinin na buƙatar sanyi a hanya, don haka ku tsara da likitan tun kafin ya taso. In bai samu inda zai kai ba, ya tuntuɓi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Ɗan Barga, Gumel:
In an aske shi a kula da ƙudaje a kan inda ya ɗaye, miki ba ya saurin warkewa a jikin doki mai Kushin. Kuma ruwan farko na sauka kada a sake shi a sabuwar ciyawa. A sa likitan ya leƙa haƙoransa ma, wata ramar daga nan take.

Baban Sadiku:
Allah Ya saka da alheri. Na dafa, na gaba na dama ya fi sauran zafi sosai. Mun kira likitan, ya ce zai iso da la'asar, yara sun tafi ɗebo rairayi a amalanke. Baba ya yarda da aski da wanka, zancen dawa ne har yanzu muke fama, cewa yake ba a gidansa za a bar doki da ciyawa zalla ba. Alhaji, kai ne sa'ansa, ko in haɗa ku a waya ka yi masa magana?

Alhaji Na-Maigatari:
Haɗa mu bayan azahar.