Rilis a harbin baka: me za mu ce da Hausa?

Mai shirin wasanni, Aboabo (Gana): Salamu alaikum. Gobe bayan La'asar ina da shiri a rediyo kan harbin baka irin na Olamfik, wanda ake tsayawa mita 70 daga abin bara. Baka, kibiya, tsirkiya duk muna da su. Kalmar Turancin nan rilis ce ta tsaya mini, wato yadda tsirkiya ke barin yatsu ukun da ke jan ta. A taimaka kafin dare.

Malamin Asawase: Saki mana. Sakin tsirkiya. Sai na gaba.

'Yar baka: Malam, a gafarce ni, in aka ce wa yaro saki, buɗe yatsu zai yi da gangan, kuma nan ne ɓarnar take. Tsirkiya ta fi yatsa sauri, kafin ya gama buɗewa ta goge su ta kauce, kibiya yau hagu gobe dama. Sassauta yatsun kawai ake yi, naman baya tsakanin kafaɗu bai daina ja ba, tsirkiya ta ture su ta wuce. In an dace, hannu zai zame baya ta gefen wuya, yatsu a lanƙwashe. In ya yi tsalle nesa da fuska, fizga aka yi.

Baban Sabon Zango: To ai kin faɗa da bakinki, 'yata. Suɓuta! Ka ce suɓuta, kalma ɗaya tak.

Malamin Asawase: Alhaji, abin da ya suɓuce tsautsayi ne. Matan Koriya ta Kudu da ke cin zinaren ƙungiya a Olamfik tun 1988, suɓucewa yake musu?

Baban Sabon Zango: Ni ban ce suɓuce ba, suɓuta na ce.

Wani daga Kano: Ba mai cewa haka a wurinmu. Ku da ke ce wa mace "ya zo", ku bar mana ƙirƙirar kalma.

Baban Sabon Zango: Ji yaron nan! Alhaji Umaru na Karaci (Kete-Krachi), babban malami marubuci, a ƙasar nan ya yi rubutunsa har ya rasu a 1934. Ba jiya Hausa ta sauka Gana ba, tun fataucin goro a Salaga take.

Wani daga Kano: A Kano aka haife shi, Baba.

Mai shirin wasanni, Aboabo: Don Allah jama'a, ni gobe ne. Ga abin da na rubuta: sakin tsirkiya a matsayin suna, sai na bayyana cewa da sassauta yatsu ake yi. Kuskuren kuma fizga.

'Yar baka: Fizga ta zauna. Saki dai ban so ba, Yaya, amma in sassautawa ta biyo shi nan take, ba laifi.

Baban Sabon Zango: Ku yi yadda kuka ga dama. In an buɗe layi zan kira.