Takalmin atisaye da na ranar gasa: abin da ƴan'uwa suka ce

Salama alaikum ƴan'uwa, maganar da muka yi kan takalmin gudu ta yi tsawo sosai shi ya sa na tattaro ta wuri guda.

1. Kusan kowa ya yarda takalmin kullum ya zama mai kauri da laushi a ƙasa, tunda shi ke shan wahalar gudron da jan ƙasa da rairayin Yamai. Bayan kilomita 500 zuwa 800 sai a canza ko da samansa bai yage ba, don soson ciki ne ke mutuwa.

2. Kar a sa sabon takalmi ranar gasa. Nan ba wanda ya musa. A yi gudu biyu ko uku da shi tukun, da safar da za a sa ranar.

3. A gwada da marece lokacin da ƙafa ta kumbura, a bar wurin babban yatsa a gaba.

4. Inda aka rabu shi ne takalman gasa masu farantin kabon (wani falle mai tauri a cikin ƙasan takalmin) irin Nike Vaporfly. Wasu sun ce ba su da nauyi kuma suna tura mutum gaba, wasu sun ce tsada gare su, ba sa jimawa, kuma in mai zagaya filin wasa na Stade Seyni Kountché da safe ne kai don lafiya wallahi ba ka buƙatarsu, ni ma nan na tsaya. Wani ya tuna mana tun 2020 World Athletics, hukumar wasannin guje-guje ta duniya, ta kayyade kaurin ƙasan takalmin gasar hanya a milimita 40.

5. Bosho, wato takalmin da wani ya riga ya sa, ma an ja. Masu saye sun ce a juya ƙasan a duba, in gefe guda ya cinye a aje shi dan Allah, gwiwa ce za ta biya.