Matashin wuya na hurawa: wanne za a saya wa mai doguwar tafiya a jirgi?

Hajiya Mariyama: Assalamu alaikum jama'a. Inna za ta Umra, sai ta yi kar, wato babbar motar fasinja, daga nan Damagaram zuwa Yamai, sannan ta hau jirgi. Wuyanta ba ya son wahala. Matashin da ake hurawa ya fi, ko na soso?

Alhaji Laminu: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai ta lafiya. Na soso ya fi taushi, amma yana cin wuri, kuma yana tara zufa. Na hurawa in an sace iskar sai ya naɗe ya shiga aljihun jaka. Amfaninsa babba shi ne ke ce mai ƙayyade taurinsa. Ki nemi mai maɓalli ko igiya a gaba, wanda ke haɗe bakin biyu a ƙarƙashin haɓa. Wanda ba shi da wannan, da barci ya ɗauke ta zai zame, kan ya faɗo gaba, ta farka da firgita.

Malam Isufu: Abin da ya fi ɓata wa mutane wannan kaya shi ne lokacin hurawa. Ana cika shi tam tun a filin jirgi na Diori Hamani, wannan kuwa kuskure ne. In jirgi ya yi sama, matsin iskar da ke cikinsa yana raguwa, ya koma kamar na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Iskar da ke cikin matashin sai ta kumbura, ta ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ku lura da ledar biskit da ba a buɗe ba, yadda take kumburi kamar ƙwallo a sama. To haka matashin ke yi: ya yi tauri kamar icce, ya tura kai gaba, wani lokaci ɗinkin gefen ya buɗe. A bari sai fitilar umarnin ɗaura bel ta mutu, sannan a hura shi kashi biyu cikin uku. A danna da babban yatsa, in ya lotsa ba wuya, ya isa. Da jirgi ya fara sauka kuma zai yi laushi, wannan ba fashewa ba ce.

Hajiya Mariyama: Malam, tsohuwa za ta iya hurawa da baki kuwa?

Malam Isufu: Ya danganta da bakin hurawar. Akwai ɗan siriri irin na ƙwallon yara, wanda sai an matse gindinsa da yatsu ko haƙori iska ke shiga, wannan zai gajiyar da ita. Akwai mai faɗi da marfi biyu: iska na shiga ba ta dawowa, numfashi kaɗan ya cika shi, in za a sace sai a buɗe marfin ciki. Wasu ma suna da ɗan famfo a jiki, da yatsa ake dannawa. Shi ya fi tsafta, don numfashi yana barin danshi a ciki, danshin kuma ke kawo wari.

Hajiya Rakiya: Ƙanwata, ki duba rigar matashin. Robar tsirara tana manne wa fata, ga ƙara duk lokacin da aka motsa. Mai rigar auduga da zik ya fi, a cire a wanke. Sannan ki nuna wa Inna ta juya shi, ɓangaren mai kauri ya dawo ƙarƙashin haɓa, buɗaɗɗen ya koma ƙeya. Kujerar jirgi ta riga ta tare bayan kai, abin da babu shi ne mai tare shi daga gaba. A sa shi bisa hijabi, kada a cusa shi ciki, zai ja mata ɗaurin. Ki roƙa mata kujerar taga, ta samu bangon jingina. Bel kuma a ɗaura shi bisa bargo, don kada ma'aikatan jirgi su tashe ta in iska ta fara girgiza jirgin.

Habu: Yaya Rakiya ta faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya kan gwaji: a hura shi a gida da dare, a ɗora littafi mai nauyi, a duba da safe. In ya sace, a shafa ruwan sabulu a ɗinki da gindin bakin hurawa, inda kumfa ke tasowa nan ne hujin. Sholishon facin tayar babur ba ya kama robar PVC, wato irin robar matashin, da kyau, sai gam ɗin PVC. In a gindin bakin ne yake yoyo, a haƙura a sayi wani. Kada kuma a bar shi cikin mota a rufe a zafin watan Afrilu, robar tana saki.

Alhaji Laminu: Maza masu sauka Jidda da harami su guji mai haɗe da hula, don rufe kai ne. Akwai kuma wani babba da ake ɗorawa kan teburin abinci, mai ramin fuska da na hannuwa. Ƴan kasuwa masu zuwa birnin Guwanzu na ƙasar Sin ta hanyar Adis Ababa suna sonsa, amma in na gabanka ya kwantar da kujerarsa, wuri ya ƙare, kuma dole a ɗauke shi lokacin tashi da sauka. Ban ga ya dace da Inna ba.

Hajiya Rakiya: Barcin ma kada ya yi yawa a zaune wuri guda. Duk awa biyu ta miƙe ta ɗan taka, ta sha ruwa, saboda kumburin ƙafa.

Hajiya Mariyama: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A kar fa, shi ma kashi biyu cikin uku?

Malam Isufu: A kar iskar ba ta kumbura kamar a jirgi, ta hura yadda ya yi mata daɗi. Amma kafin ta hau jirgi a Yamai ta sace shi duka.