Ta yaya aka gane akwai ruwa a wata ba tare da an ɗebo ƙasarsa ba?

Ɗan Zariya: Salam ƴan uwa, don Allah ina da tambaya. Na karanta cewa a 2009 kumbon Indiya Chandrayaan-1 ya gano alamar ruwa a wata, alhali zagaye kawai yake yi, to ta yaya? Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Akwai na'urar NASA a jikinsa, M3 sunanta. Kamar kyamara take, amma tana rarraba hasken rana da ya dawo daga ƙasan wata zuwa launuka da yawa har da infirared da idonmu ba ya gani, kuma kowane ma'adani akwai inda yake shanye hasken, ruwa wajen maikiron 3 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan) yake shanyewa, to da an ga gibin nan an san yana wurin.

Ƴar Maradi: Gaskiya ne Malam. Ni wadda ta fi burge ni ita ce irin wannan na'urar mai suna CRISM ta kumbon MRO da ke zagaya duniyar Mars, ita ta nuna laka a ramin Jezero na Mars, laka kuwa sai da ruwa take samuwa, kuma can motar binciken NASA, Perseverance, ta sauka a 2021.

Ɗan Zariya: Ikon Allah! Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya. To Europa, watan duniyar Jupiter, fa?

Malamin Kimiyya: Kumbon Europa Clipper ya tashi a 2024 da irin wannan na'urar, MISE sunanta, sai 2030 zai isa Jupiter in sha Allahu.