Lazanyar firiza: abinci ce ko cika ciki kawai?

Goggo: Salamu alaikum 'yan gida. Auta, hoton da ka turo jiya da daddare ya hana ni barci. Wai abin da kake ci ke nan tun da ka je Amurka? Abin da aka dafa tun watanni, aka daskarar a kwali? Ni dai sanina, duk abincin da ya daɗe a ƙanƙara amfaninsa ya mutu. Cika ciki ne kawai, jiki ba ya samun komai. Shi ya sa na ga duk ka zabge.

Auta: Wa alaikumus salam Goggo, ina wuni. Ba kullum ba ne, amma gaskiya ina ci sau huɗu ko biyar a mako. Lazanya sunanta, abincin Italiya ne. Taliya ce mai faɗi kamar tafin hannu, a shimfiɗa, a zuba miyar tumatir da cuku, a sake shimfiɗa wata, hawa-hawa, sannan a gasa. Wadda babu nama nake saye, don ban san yankansu ba. Ƙarfe goma na dare nake fitowa daga ɗakin karatu, ga sanyi, ba ni da ƙarfin ɗora tukunya.

Yaya: Goggo, ku gafarce ni, a nan zan saɓa muku, kuma da abin da na koya a aikin jinya nake magana. Sanyi ba ya kashe amfanin abinci. Firiza tana ajiye abu a digiri 18 ƙasa da sifili, a nan ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci suke tsayawa cak. Furotin, wato sinadarin gina jiki, da ke cikin cuku yana nan yadda yake, kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi ma haka. Wanda ke saurin raguwa shi ne bitamin C, shi ma wuta ce ta fi cin sa tun wurin dahuwa. Jan sinadarin da ke cikin tumatir kuwa, jiki ya fi tsotsarsa idan an dafa tumatirin. Ku tuna ragon layya da muke yankawa mu sa a firiza har Muharram, babu wanda ya taɓa cewa ya daina zama nama.

Goggo: Wannan ai da hannuna na wanke shi na sa. Na san abin da ke ciki.

Baffa: To nan ne maganar take. Ni ban damu da ƙanƙara ba, abin da aka zuba kafin a daskarar shi ne damuwata. Shekara goma sha ɗaya ina shan maganin hawan jini, kuma kun san shi ne ya kwantar da mahaifinku. Auta, ɗauko kwalin, juya bayansa, ka karanta mana abin da aka rubuta. Kada ka tsallake komai.

Auta: To Baffa, ga shi a hannuna. Kalori 320. Furotin giram 17. Kitse mai daskarewa giram 7. Harza, wato zare-zaren ganye da hatsi, giram 3. Sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, miligiram 760, an sa kashi 33 cikin ɗari na ma'aunin wuni guda a gefensa. Kalsiyam kashi 20. Ni dai ban ga abin tashin hankali ba.

Yaya: Ɗaga idonka can sama, layin farko. Rabon mutum nawa aka ce yana cikin kwalin?

Auta: Biyu. Wallahi ban taɓa lura ba, kuma ni kaɗai nake cinye tiren.

Yaya: Ka ga inda gizo ke saƙar. Duk lambar da ka karanta sai ka ninka ta. Kalori 640 ba laifi ga saurayi mai zirga-zirga, furotin giram 34 kuma abin so ne, ya kai na ƙwai biyar. Amma sodiyam ya zama miligiram 1,520. In kana son sanin gishiri nawa ke nan, ka ninka sau biyu da rabi, ya ba ka giram 3.8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a wuni guda, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A zama ɗaya ka cinye kashi uku cikin huɗu, ba a lissafa burodin safe ba, wanda shi ma da gishirinsa. Kitse mai daskarewa kuma giram 14 ne, alhali ma'aunin da Amurka ke bugawa a kwalaye giram 20 ne na wuni duka. Hukumar abinci da magunguna ta can ta sauƙaƙa wa mutane: abin da ka ga kashi 5 ko ƙasa, kaɗan ne, kashi 20 zuwa sama ya yi yawa. Kai rabin tirenka ma 33 ne.

Goggo: To ba ga maganata ta fito ba?

Yaya: Ba ita ba ce, Goggo. Ku cewa kuka yi babu komai a ciki. Akwai, har da yawa. Gishiri da kitse ne suka yi masa rakiya, ganye kuma ya yi ƙaranci. Giram 6 na harza daga cikin 28 da ake so a wuni.

Ɗan Goggo: Ni fa ina ganin an taru a kan Auta ne don nasa abincin yana da rubutu a baya. Tukunyarmu ta gida wa ya taɓa auna ta? Jiya a gabana aka marmasa dunƙule shida a miyar mutum biyar, aka ƙara gishiri, aka kawo yaji, shi ma da dunƙule a ciki. Kusan rabin nauyin dunƙulen nan gishiri ne. Taliyar yara da muke dafawa da dare fa? Mama, kada ki ji haushi, amma da za a liƙa wa miyarmu irin takardar nan, da wasu sun yi shiru.

Baffa: Ka faɗi gaskiya, kuma likitana ya faɗa mini haka. Sai dai tukunyar gida a hannunka take. Da aka ce in rage, sai muka koma daddawa da albasa da citta, cikin wata guda harshena ya saba. Wanda aka rufe a kwali ba ka da ikon cire masa ko ƙwaya ɗaya.

Yaya: Akwai wani abu kuma da takardar ba ta nunawa. A 2019 wani mai bincike, Kevin Hall, ya ajiye mutum 20 a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta da aka sarrafa sosai, mako biyu kuma wanda ba a sarrafa ba, kowa ya ci iya son ransa. An daidaita gishiri da sukari da kitsen da ke cikin abin da ake ajiye musu, amma a makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. Abu mai laushi saurin wucewa yake, kafin ciki ya ce ya isa an kai ƙarshen tire.

Ɗan Goggo: Mutum 20 dai, Yaya. Kuma Auta ramewa ya yi, ba ƙiba ba.

Yaya: Haka ne, ƙaramin bincike ne, ban ce a ɗora komai a kansa ba. Ramar Auta kuma na fi zargin tsallake abincin rana.

Goggo: Shi cukun ma da me ake yinsa? Wanda na sani na mutanen Agadas ne, busasshe, da wanda Fulani ke haɗawa da ruwan tumfafiya.

Auta: Na bincika wannan tun zuwana, Goggo. Wani da ruwan tumbin ɗan maraƙi ake daskarar da madarar, kamar cukun garin Parma na Italiya na asali. Mafi yawan na nan kuma da sinadarin da ba daga dabba aka ciro ba. Ina duba wanda aka rubuta ya dace da marasa cin nama.

Yaya: Madalla. Ga abin da nake so ka yi, ƙanena. Ka raba tiren biyu tun kafin ka zauna, rabi ya koma firji. Gurbin ka cika shi da alayyafo ko koren wake, su ma na firiza sun wadatar kuma ba tsada. In za ka saya, ɗauki kwali biyu ka gwada sodiyam ɗinsu, tazarar tana da yawa tsakanin kamfani da kamfani. Ka tabbata tsakiyar ta yi zafi sosai, digiri 74, don sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, kwantar da ita kawai yake. Sau ɗaya ko biyu a mako ba zan yi magana ba. Biyar ya yi yawa ga ɗan gidanmu. Kuma ka tsaya kantin magani ka auna jininka, ka turo mini lambar.

Auta: In sha Allah gobe bayan lacca.

Goggo: Ni har yanzu raina bai kwanta da abin kwali ba. Akwai mai tafiya ƙarshen wata, zan ba shi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Ran Lahadi ka yi miya tukunya guda, ka rarraba a robobi.

Auta: Na gode Goggo, Allah ya ƙara girma. Amma robobin nan a firiza zan sa su fa.

Goggo: Sa su. Kada dai su wuce mako biyu, kuma dunƙule ɗaya ya ishe ka.