Manajanmu ya gaji da aiki, mu kuma ya kashe mana gwiwa

Assalamu alaikum. Ina aiki a kamfanin kula da gidajen haya a Abuja, mu shida ƙarƙashin manaja ɗaya. Da mutumin kirki ne, amma tun da aka ƙara masa rukunin gidaje biyu ya canza. Kullum fuska a murtuke. Ɗan haya ya kawo ƙorafin famfo ko janareta, sai ya zazzage mu a gabansa. Mutum biyu sun ajiye aiki, sauranmu kowa ya yi shiru.

Na same shi a keɓe, ya ce in ba zan iya ba ga hanya nan. Muka rubuta wa mai kamfanin, takardar ta dawo teburinsa.

Yaya zan kai maganar ga mai kamfanin ba tare da ta sake biyowa ta hannunsa ba?