Neman kalma: allon lambar hanya na Amurka, me za mu kira shi?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe goma za mu naɗi shirin rediyo kan Hanya ta 66 ta Amurka, wadda ta tashi daga Shikago ta dire Santa Monika a bakin teku, wajen kilomita 3,940. Kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, "shield". Ɗan farin ƙarfe ne da aka yanka da siffar garkuwa, sunan jiha a sama, lambar hanya da baƙi a ƙasa. A 1926 da suka raba wa manyan hanyoyinsu lambobi suka fara kafa shi. Sau goma sha ɗaya ta fito a rubutun. A taimaka.

Ɗan Fagge: Garkuwar hanya. An gama.

Maman Ilham: Haba ƙanena! A wannan zamanin ka haɗa garkuwa da hanya a rediyo? Mai sauraro zai ajiye kofin shayi ya fara kiran 'yan'uwansa da suka yi tafiya.

Ɗan Fagge: Wallahi Yaya ban kawo wannan ba. Na janye.

Direban Tirela: Allon lamba. Ko da yake mu ba ma aiki da lamba. Shekarata ashirin ina bin Kaduna zuwa Kano, sai a takarda na ga wai A2 ce. Mu Mararrabar Jos muka sani, da Kwanar Ɗangora.

Malamin Hausa: Allo Larabci ne, lamba Turanci ce, titi da kwalta ma aro ne. Yaushe za mu daina bara alhali rumbunmu cike yake? Muna da gwadabe, babbar hanya ke nan tun zamanin fatake. Shawarata GARKUWAR GWADABE. Don ɓarayi sun ɓata kalma ba za mu bar musu ita ba. Garkuwar jiki fa, an daina faɗa?

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, wannan ai sarauta ce. Alhaji wane, Garkuwan Gwadabe. Saura a sa ranar naɗi.

Maman Ilham: Kuma a unguwarmu akwai Gwadabe har biyu, kowa zai ce tasa ce.

Malamin Hausa: Ku yi ta dariya. Haka kuka yi wa na'ura mai ƙwaƙwalwa, yau ga ta a bakin kowa.

Ɗan Fagge: A bakin masu karanta labarai dai. Je Farm Center ka ji ko akwai mai faɗin haka, kwamfuta ce kawai.

Ɗan Damagaram: Matsalarku ke nan, kome sai a auna shi da kasuwar Kano. Mu nan RN1 da ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Maraɗi ta iso Damagaram, lambarta na jikin duwatsun kilomita, farare masu jan kai. Ba allo ba ne, balle garkuwa. In za a sa kalma a sa wadda za ta ɗauke mu duka.

Malamin Hausa: Ku da kuka cika Hausa da Faransanci?

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, mu ba mu mai da "mile" sunan gari ba. Mil Tara da Milgoma a wace ƙasa suke?

Mai Fassara: Jama'a don Allah, gobe ne fa.

Tsohon Injiniya: Ɗana, duba abin da labarin ke faɗi, shi zai ba ka kalma. Kafin lambobi, hanyoyin Amurka suna gare su, ƙungiyoyi ke shafa fenti a jikin turakun waya. Hanyar Lincoln ta 1913 ja da fari da shuɗi ce, da harafin L a tsakiya. Da abin ya yi yawa, turke ɗaya launi barkatai, sai jihar Wiskonsin ta fara kafa lambobi a 1918, ƙasa ta biyo baya a Nuwamba 1926: mara ta bi kudu da arewa, cika ta bi gabas da yamma. Ita kanta 66 sai da aka yi rigima. Cyrus Avery na garin Tulsa, jagoran masu fafutukar hanyar, 60 ya so, mutanen Kentaki suka ce tasu ce, ya haƙura da 66. Ka ga lambar ce amarya, siffar garkuwa 'yar rakiya ce. Ina bayan allon lamba.

Mai Fassara: Na gode Baba. To amma ga inda allo ya gaza. An soke hanyar daga jerin gwamnati a 1985, masu yawon buɗe ido suka dinga kwance allunan suna tafiya da su, har wasu garuruwa suka koma zana abin da fenti a kan kwalta. Yaya zan ce an zana allo a ƙasa? Ga shi kuma yana jikin riguna da kofuna.

Maman Ilham: To ai tambari ne. Ko a ƙarfe, ko a kwalta, ko a riga, tambarin hanya. Dutsen Ɗan Damagaram ma ya shiga.

Ɗan Damagaram: Bai shiga ba, dutse dutse ne. Amma ta fi garkuwa.

Malamin Hausa: Tambari gangar sarauta ce. Ma'anar da kuke ba shi sabuwa ce.

Maman Ilham: Ko ba komai Malam, ba ka ce aro ba ne.

Direban Tirela: A tasha dai ka ce tambarin hanya, za a zaci wani sabon haraji ne.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure. Karon farko zan ce "allon lambar hanya mai siffar garkuwa", sauran goman "tambarin hanya". Mai ja da shuɗi na manyan hanyoyin da Shugaba Eisenhower ya sa wa dokarsu hannu a 1956 zan kira shi sabon tambari. Malam a yi mini afuwa.

Malamin Hausa: Shirinka ne. Ni dai a ajina garkuwar gwadabe zan koyar. Kuma ka tabbata mai karantawa ya ce sittin da shida, kada in ji "siksti-siks".